Lissafin Dokin Rano da Kundin Digiri



An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai riƙa ƙididdige lokacin da aiki ke ci masa. Zan fara da ku masu rubuta kundin digiri, domin ku wannan magana ta fi shafa.

A shekarar 1994 wasu masana halayyar ɗan Adam a ƙasar Kanada, Roger Buehler da abokan aikinsa Dale Griffin da Michael Ross, suka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa ya rage su miƙa kundinsu. Da aka daidaita amsoshin, sai aka sami kusan kwana 34. Aka ce musu, to, idan kuma komai ya dagule fa? Suka ce kusan kwana 49. Da aka bi sawunsu, kwana 55 da rabi aikin ya ci. Ashe ko mummunan zaton da suka yi wa kansu bai kai gaskiyar lamarin ba. Ba ƙarya yaran nan suka yi ba, lissafin dokin Rano suka yi. Sun ƙirga sa'o'in zama a kan tebur, sun mance da neman littafi a laburare, da jiran malami ya dawo da babi, da zazzaɓin da ba ya sallama kafin ya shigo.

Maganin wannan ciwo wani mutumin Rasha ya gwada shi a kan kansa. Sunansa Aleksanda Lyubishchev, masanin ƙwari, an haife shi a 1890. Tun daga 1916 har rasuwarsa a 1972, wato shekara 56, kowace rana sai ya rubuta abin da ya yi da sa'o'i da mintocin da ya ci: nazarin ƙwari kaza, wasiƙa kaza, karatun jarida kaza. Ƙarshen wata ya tara jimla, ƙarshen shekara ya yi wa kansa rahoto kamar yadda ma'aji ke yi wa hukuma. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, tsabar aiki kaɗai yake sa wa a ma'auni. In baƙo ya shigo aka taɓa hira, sai ya cire ta. Saboda haka idan ya ce littafi zai ci masa sa'a kaza, daga littattafan da ya riga ya auna yake magana.

Ni ma na gwada a wani ofis da na taɓa aiki, na mako biyu kacal, kuma na ji kunya. Fayil ɗin da nake rantsuwa ya cinye mini yini, ashe bai kai rabin safiya ba. Sauran ya tafi a gaisuwa da amsa waya. Ban ce a daina gaisuwa ba, Allah ya kiyaye, amma a rubuta ta da sunanta.

Ku ma'aikata na san abin da kuke tsoro, kada takardar ta zama bulala a hannun shugaba, kamar yadda leburori a Amurka suka tsani agogon Frederick Taylor. Kuna da hujja. Shi ya sa na ce littafin ya zauna a aljihunku.

Ku sami ƙaramin littafi, ko wayar hannu. Kafin ku fara aiki ku rubuta tsawon da kuke zato, da kun tashi ku rubuta wanda ya ci, nan take, kada ku bari sai dare. Bayan wata guda ku kwatanta layukan biyu, sa'an nan ku je ku gaya wa malaminku ranar da zai ga babi na gaba.

Shugaban taro, a nan zan dasa aya, sai tambayoyi.