Jawabi Kan Gundumar McDowell: Ƙasar da Ta Dogara ga Arziki Guda

Wannan jawabi ya shafi wata gundumar karkara ce a Jihar West Virginia ta ƙasar Amurka, wadda ake kira McDowell. Labarinta yana nuna yadda yawan jama'a, da hanyar neman abincinsu, da zamansu na yau da kullum suke ɗaure da juna.

Gundumar tana cikin duwatsun Appalachia, faɗinta kimanin murabba'in mil 535, babban garinta kuwa shi ne Welch. An kafa ta a shekarar 1858. Ƙasa ce ta tuddai da kwazazzabai, filin noma kaɗan ne, saboda haka a ƙidayar 1880 mutanenta ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Amma a ƙarƙashin tuddan nan akwai kwal mai kyau ƙwarai, irin wanda masana'antun narka ƙarfe suke nema. Da hanyar jirgin ƙasa ta Norfolk and Western ta ratsa gundumar wajen ƙarshen ƙarni na 19, sai kamfanoni suka sayi ƙasa, suka buɗe ramukan haƙa. Ma'aikata suka yi ta kwararowa, baƙar fata daga jihohin kudu, da baƙi daga Italiya da Hangare da Folan. A 1900 jimlar jama'a ta kai 18,747, a 1950 kuwa ta kai 98,887.

Yadda aka tsara zaman nan shi ne tushen al'amarin. Yawancin garuruwan na kamfani ne. Shi ya gina gidajen, shi ke da kanti, shi ya kawo ruwa da lantarki da likita. A wurare da yawa ma akan ba lebur wani sashe na ladansa da kwabban kamfani, waɗanda ba sa ciyuwa sai a kantin kamfanin. Masu ƙasar da masu jarin suna zaune a manyan birane masu nisa, ribar kuwa can take tafiya. Duk da haka jama'a sun kafa nasu zumunci: majami'u, da ƙungiyar mahaƙa, da makarantu, da wasanni. Baƙar fata sun sami ƙarfi a siyasa, har a 1928 wata mace daga gundumar, Minnie Buckingham Harper, ta zama baƙar mace ta farko da ta zauna a majalisar dokokin wata jiha a Amurka.

Bayan 1950 sai injuna suka shiga ramuka, aikin da mutane da yawa suke yi ya koma hannun kaɗan. Jiragen ƙasa da gidaje kuma suka bar kwal suka koma ga mai da gas. Da yake babu wata sana'a ta biyu, wanda ya rasa aiki sai ya kwashi iyalinsa ya nufi birni. A 1960 jama'a sun ragu zuwa 71,359. A shekarar nan ce John Kennedy ya zagaya gundumar yana neman ƙuri'a, ya ga halin da ake ciki, kuma bayan ya hau mulki, a garin Welch aka fara raba takardun sayen abinci na Gwamnatin Tarayya a 1961. Tsadar mai ta shekarun 1970 ta ɗan farfaɗo da kasuwar kwal, ƙaura ta lafa. Amma a 1986 kamfanin U.S. Steel ya rufe ayyukansa a garin Gary, sa'an nan ambaliyar 2001 da ta 2002 suka rushe gidaje masu yawa. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 19,111, wato kusan adadin 1900.

Raguwar jama'a tana jawo wata raguwar. Haraji ya yi ƙasa, aka haɗe makarantu, kantuna suka rufe, bututun ruwan da kamfanoni suka bari suka lalace. Matasa ne suka fi tafiya. Shan ƙwayoyin kashe ciwo ya yi ɓarna mai tsanani, har kakanni da yawa suka koma renon jikoki.

Waɗanda suka zauna ba su naɗe hannu ba. Majami'u da 'yan sa kai suna raba abinci. A 2011 wata ƙungiyar malamai ta ƙasa ta haɗa kai da hukumomi, daga baya aka gina wa malamai gidaje a Welch, domin rashin masauki yana hana su zama. An kuma buɗe hanyoyin cikin duwatsu ga masu yawon shaƙatawa, mutanen gari suna samun kuɗin masauki da na abinci.

Wanda ya san tarihin kwal a Inugu ko na kuza a Jos ba zai ji labarin nan baƙo ba. Lokacin da kasuwa take ci, a lokacin ne ya kamata hukuma da jama'a su tsayar da wani kaso na ribar a gida, su zuba shi cikin ilmi, da ruwa, da hanyoyi, da sana'o'in da za su rayu bayan an rufe rami. McDowell ba ta sami wannan ba sa'ad da take da mutum dubu casa'in da takwas, ga shi a ƙidayar 2020 mutum dubu goma sha tara ne suka rage ɗauke da aikin.