Uwargida, Yaushe Rabonki da Dutsen Habude?

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke ɗaki tana lallashin goyo, a ɗan matso da rediyon kusa. Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma zancen kishiya ba. Yau fita za mu yi, amma da baki tukuna, ƙafa sai maigida ya ba da izini.

Tambaya gare ni, musamman ga matan Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye. 'Yar uwa, dutsen nan da kike hangowa ta saman katanga in kin fito shanya, kin taɓa taka shi? Kin san abin da ke cikinsa? Akwai matar da aka haifa a Birnin Kudu, aka yi mata aure a nan, ta aurar da 'ya'ya a nan, amma ba ta taɓa ganin zanen da ke jikin Dutsen Habude ba. Alhali kuwa mutane na zuwa daga nesa don su gan shi. Abin a bayan gidanmu yake, baƙo ya fi mu saninsa.

To, bari in ba ki labarinsa. A cikin kogunan duwatsun Birnin Kudu, wato Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen shanu da mutanen da can suka yi da launi a jikin dutse. A shekarun 1950 ne wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ke aiki a gidan tarihi na Jos, ya zo ya duba su ya rubuta labarinsu, duniya ta sani. Yanzu suna cikin kayan tarihin ƙasa, hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya ce ke tsaronsu. Abin mamakin shi ne, da yawa daga cikin shanun da aka zana ba su da tozo. Duba shanun Fulanin da ke wucewa ta ƙofar gidanki, duk da tozonsu. Ke nan waɗanda suka yi zanen sun yi kiwon wani irin shanu daban, tun kafin irin namu na yau su cika ƙasar.

Ba zane kaɗai ba. A wurin akwai duwatsu masu amo, in kin ɗauki ƙaramin dutse kin buga sai ki ji suna ƙara kamar kuge, kowanne da irin muryarsa. A jikinsu za ki ga 'yan ramuka sumul, wurin da hannayen mutane suka yi shekaru aru-aru suna bugu. Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Cikin abin da aka rubuta a wancan lokaci, har da cewa amaren Birnin Kudu kan je Dutsen Murufu a lokacin bikinsu. Kin ji fa. Wurin mata ne. Ƙila kakarki ta zauna a inuwar kogon nan da lallenta, ƙawayenta na kewaye da ita. In tana da rai, don Allah yau da dare ki tambaye ta, kada ta tafi da labarin a cikinta.

Daga Birnin Kudu mu gangara ƙasar Gwaram. Can ma duwatsu ne, ga kogin Bunga, wanda ke tasowa daga tuddan Jos, ya ratsa ya nufi Jama'are. In damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba zuwa Disamba, ruwa ya ja baya ya bar farin yashi, ciyawa ba ta gama bushewa ba, rana kuma ba ta yi zafi ba. Ki bi hanyar ƙafa tsakanin gonaki, ga tsamiya, ga ɗorawa, ga kanya da marke, ga kuka ta fara zubar da ganye. Balbela na bin shanu, kurciya na kuka a sama. Kukar da kike kaɗawa a miya kullum, da kalwar da ake yi miki daddawa da ita, akwai yaranmu na cikin gari da ba za su iya nuna miki bishiyarsu ba. Wannan kam abin kunya ne gare mu iyaye, ba gare su ba.

A wannan ƙasa ta Gwaram ne garin Fagam yake, inda a zamanin Turawa aka haƙi kuza a duwatsunsa, kamar yadda aka haƙa a Riruwai da Jos. Tsofaffi suna tuna ɗiban gwamna, lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka riƙa kwasar maza daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos ala tilas, wasu sanyi da yunwa suka kashe su a can, mata na gida suna jira. Daga baya kasuwar kuza ta faɗi a duniya a 1985. Kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, aka bar wa mutanen wuraren haƙa ramuka da kududdufai.

Wasu ƙasashe ba su bar irin waɗannan wurare haka nan ba. A Sikotlan, can arewacin Birtaniya, akwai wani wuri da ake kira Lochore, inda aka yi shekaru ana haƙar kwal. Da aka rufe ramukan a shekarun 1960, sai aka baje tulin ƙasar da aka tono, aka shuka itatuwa, aka gyara bakin tafkin, aka fitar da hanyoyin ƙafa. Yau jikokin masu haƙar ne ke zagayawa a wurin da 'ya'yansu. Ko a nan gida, a Rayfield ta Jos, tsohon ramin kuza ne ya zama wurin shaƙatawa. Mu Allah Ya ba mu dutse da kogi da itace kyauta, sai dai masu fasa dutse da masu gawayi sun fi mu zuwa wurin. Gawayin kuwa, mu faɗi gaskiya, a murhunmu yake ƙarewa.

Na san abin da wata ke cewa a ranta: ni da nake cikin kulle, ina ni ina hawan dutse? 'Yar uwa, ba cewa na yi ki yafa mayafi ki fice ba. Ai kina fita biki da suna da gaisuwar rasuwa da awon ciki, duk da izinin maigida. Wannan ma izini za ki nema, ku tafi tare, da shi da yara, da hijabinki. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake, ya tsere mata. Maigida, na san kana ji, ko da ka yi kamar hankalinka na kan waya. Yini ɗaya ne, kuɗin mota da gorar ruwa. Ke kuma uwargida, kada ki tare shi da maganar yana shigowa da gajiyar kasuwa. Bari ya ci ya sha. Ki fara da cewa yara ne ke son gani, ai ba ƙarya kika yi ba.

Akwai kuma batun lafiya. Aikin gida akwai gajiya, babu mai musu, amma yawancinsa a zaune ko a duƙe muke yinsa. Injin niƙa ya karɓe daka, 'yan garuwa sun karɓe jan guga. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa suka yi mana yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Fita ɗaya a shekara ba za ta biya wannan ba. Sauran a tsakar gida za ki yi shi, ki zagaya da ɗan sauri bayan sallar asuba, kafin yara su tashi. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya, su fara tambayar likita, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu.

In Allah Ya sa an yarda, ku fita da sassafe, ku dawo kafin azahar. Ki ajiye takalmin biki, ki sa mai rufe ƙafa wanda ba ya santsi. A Birnin Kudu ku nemi ma'aikatan tarihi su raka ku, a ƙauye kuma maigida ya gaisa da mai unguwa, ya tambayi hanyar da ke da aminci. Kada yaro ya zura hannu a tsagar dutse, gidan maciji da kunama ne. Kada a taɓa zanen, kada a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, balle a rubuta suna da gawayi a kusa da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Kududdufin tsohon ramin haƙa ba shi da tudu a baki kamar rafi, taku ɗaya ne yaro ya nutse. Ruwan da ke kwance kuma shi ke kawo tsargiya, yaro ya dinga fitsarin jini. A kalla daga nesa, riƙe da hannun ƙarami.

Wadda ta samu labarin zuwan amare Dutsen Murufu daga bakin kakarta ko surukarta, ta rubuto mana, ko ta sa ɗanta na makaranta ya rubuta, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.