Wai Doki Nawa Ne A Cikin Motar Nan?

 

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Bunkure. Ya ce ya sayar da shanshera, ya haɗa da kuɗin sa guda, yana so ya sayi motar da zai riƙa kai tumatir Kwanar Gafan, ya kuma ɗauko taki daga Kano. Dillali ya nuna masa motoci biyu, watau Golf 3 'yar Kwatano da tsohuwar a-kori-kura Fijo 504. Ya gaya masa wai Golf doki 90 ce, a-kori-kura kuwa 70 da 'yan kai, saboda haka Golf ta fi ƙarfi. Shi ne yake tambaya, wane irin doki ne wannan, yaya ake auna shi, kuma wacce ya kamata ya saya?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, domin ba kai kaɗai ta shafa ba. Ka riƙe kuɗinka tukuna har ka gama jin bayani.

Asalin maganar daga wani injiniya ne mutumin ƙasar Sikotilan mai suna James Watt, wanda ya rasu a 1819. Shi injin tururi yake ƙerawa, mutanen da yake so ya sayar wa kuwa da dawaki suke juya injin niƙa, da su suke jan ruwa daga ramin haƙar ma'adinai. Tambayarsu ɗaya ce: injin nan naka zai yi mini aikin doki nawa? Sai ya auna aikin doki a wajen 1782, ya tsayar da ma'auni. Shi ne har yau ake kira ƙarfin doki, ko hosfawa a bakin makanikai.

Ga yadda lissafin yake a awon kilo da mita. In aka ɗaga nauyin kilo 75 sama mita ɗaya cikin sakan ɗaya, an yi aikin doki ɗaya. Kilo 75 shi ne buhun taki ɗaya da rabi, ko kuwa jarka uku ta ruwa mai lita 25. Ku lura da abubuwa uku da ke ciki: nauyi, da nisa, da kuma lokaci. Ashe ke nan ƙarfin doki awo ne na saurin gama aiki. Yaro ma zai iya kwashe ruwan jarka ukun nan da moɗa ya hau da shi mita ɗaya, amma sai ya ɓata lokaci.

Ku da kuke noman rani kun riga kun san wannan a aikace. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ke gangarowa ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, amma mai gonar da kanal bai kai ba sai ya sa inji. Ɗan injin ban ruwan nan da aka rubuta 5.5 a jikinsa, in ruwan yana kusa sai ka ga tiyo ya cika yana feshi. In ka ja tiyon ka hau tudu da shi, sai ruwan ya ragu, alhali injin bai sake ba. Dokin yana nan yadda yake. Ko dai ya ba ka ruwa mai yawa a kusa, ko kaɗan a nesa. To haka giyar mota take. Giya ta ɗaya ja mai yawa ce da tafiya kaɗan, giya ta biyar gudu ne da ja kaɗan.

Yanzu bari mu gwada abubuwa biyu da kowa ya sani. Jar taraktar nan Massey Ferguson 375 doki 75 ce. Akwai kuma Golf 3 mai injin lita 1.6, ita ma doki 75. To wa ya taɓa ganin an ɗaura wa Golf garma ta yi kaftu a fadama? Dalili shi ne, injin tarakta kusan lita 4 ne, yana ba da dokinsa 75 yana juyi 2,200 a minti ɗaya. Na Golf kuwa sai ya yi kururuwa ya kai juyi wajen 5,000 kafin dokinsa su cika. Kowane juyi na injin tarakta yana da ƙarfin murɗawa kusan ninki biyu na Golf, ga shi kuma giyarta da manyan tayoyinta an yi su ne don ja. Wannan ƙarfin murɗawa shi makanikai masu karatu ke kira tok. Kamar sufana ce: doguwa ta fi gajera kwance noti mai taurin kai. Shi ne ke tayar da mota daga tsaye in ta ɗauki kaya, shi ke fitar da ita daga taɓo.

Akwai kuma lambobi uku da ake rikita su da doki, kuma a nan ake cutar mai saye. Na farko si-si, watau girman cikin silinda. Si-si 1,000 shi ne lita ɗaya. Babur Boxer si-si 100 ne, dokinsa kimanin 8. Girman tukunya daban, abin da aka dafa a ciki daban. Na biyu kilowat, wanda za ka gani a takardun motar da ta fito daga Jamus, an rubuta kW. Ka ninka shi da 1.36 ka sami doki. Kilowat 55 shi ne doki 75, kilowat 66 shi ne doki 90. Na uku ya shafi masu zuwa Maraɗi da Damagaram. A takardar mota irin ta tsarin Faransa za ka ga an rubuta CV, a ce maka Fijo 504 mai lita 2 doki 11 ce. Wannan dokin haraji ne da inshora, amma injin kansa ya haura doki 90.

Daɗin daɗawa, ko awon ma iri-iri ne. Ana ɗaure inji a kan wata na'ura mai riƙe shi kamar birki, a auna murɗawarsa da yawan juyinsa, a haɗa su a fitar da doki. Da can a Amurka sai a cire fanka da salansa da matatar iska kafin a auna, lamba ta fito da girma. A 1972 suka koma auna inji da kayansa duka, sai ga motoci sun yi asarar dawaki a takarda ba tare da an taɓa su ba. Shi ma ɗan injin Honda GX160 da aka saba ce wa 5.5, a awon da ake yi da kayansa duka 4.8 ne.

To mu komo kan motocinka biyu, Malam. Lambobin da dillali ya ba ka ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai bai gaya maka sauran ba. Golf an yi ta ne don mutum biyar da jakunkunansu. Abin da aka ƙayyade mata wajen rabin tan ne, har da kai direba. Taki buhu takwas ya ishe ta. Kuma da tayoyin gaba take ja, saboda haka in ka danƙara kwanduna a baya sai gaban ya yi sama, ja ya ragu, sitiyari ya yi sako-sako, birki ya ƙi kamawa da wuri. Da yawa daga cikinku kun ga irin wannan a hanyar Kano zuwa Zariya. A-kori-kura kuwa an yi ta don ɗaukar kimanin tan ɗaya, watau taki buhu 20. Da tayoyin baya take ja, tana da sifirin mai falle-falle, kuma cikinta ya ɗaga daga ƙasa, abin da hanyar gefen kanal ke bukata da damina.

Amma kada ka ce na ce ka rufe ido ka saya. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma an daɗe da daina yin 504. Ita ma Golf 3 ta shekarun 1990 ce. Duk dokin da aka rubuta na ranar da motar ta fito sabuwa ne. Inji ya ci ƙurar hunturu shekara talatin, zoben fistin ya cinye, ai wasu dawakin sun daɗe da mutuwa.

Saboda haka ga shawarata. Ka tafi da makaniken da ka yarda da shi, wanda kai za ka biya, ba na dillali ba. Ku je da sassafe a tayar da injin yana sanyi. In ka ga hayaƙi shuɗi, yana shan baƙin mai. A buɗe lagireto a duba ko mai ya gauraya da ruwa. A shiga ƙarƙashi a duba shasi, ko an yi masa walda, ko tsatsa ta ci shi. Sa'an nan a loda mata irin kayan da za ka riƙa ɗauka, a hau tudu da ita, ka ji yadda kuloci da birki suke. Ka kuma tambayi 'yan Ƙofar Ruwa kuɗin kayan gyaranta, ka lissafa man da za ta sha zuwa da dawowa. In mai mota ya ƙi a gwada ta da kaya, ka yi masa sallama. Gani ya kori ji.

In aikinka ɗaukar fasinja ne daga Kura zuwa Kano a kan kwalta, Golf ta fi maka. In kwandon tumatir ne da buhun taki daga cikin gona, nemi a-kori-kura mai lafiya, ko Fijo ko wata. In kuwa ba ka sami mai lafiya ba, gara ka ci gaba da ɗaukar haya wannan kakar, da ka zuba kuɗin shinkafarka da na sanka a gareji.

Allah ya sa a saya a sa'a, ya tsare mu da hatsarin hanya.