Shuɗin Hayaƙi da Ciwon Ringi



Duk mai bin titin Kano zuwa Katsina ta Kankia ya saba ganin babur na tafe yana zubar da shuɗin hayaƙi. Haka injin ban-ruwa da na markaɗe a ƙauyukan Kusada. Da an kai gareji, sai ka ji an yanke hukunci: ringi ne, a sauke inji.

A Amurka kuwa, wasu masu tseren mota na mita 402 suna ɗura wa inji iskar naitiros don ƙarin ƙarfi. Zafin yakan kumbura ringi har bakinsa biyu su haɗe, ya karye. Duk da haka ba sa kwance inji sai sun auna. A cire fulogi, a ɗaura geji, a juya inji, a karanta matsin silinda. Sai a zuba ɗan cokalin baƙin mai ta ramin fulogin, a maimaita. In allura ta haura sosai, ringi ya cinye. In ta tsaya inda take, a duba bawul ko gasket. Fulogin ma shaida ne: in ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da mai, mai na haurawa inda bai kamata ba.

Mu nan ƙurar hunturu ce ke cin ringinmu, musamman in matatar iska ta yage. Ɗan acaɓa kuwa da guminsa yake biyan kuɗin gyara.

Don Allah, bakanikai, ku nemi geji. Masu ababen hawa, ku riƙa tsaftace matatar iska, ku canza mai kan lokaci.