Ƙofar Gari a Bakin Kwalta: Lissafin Sakan Biyu

 An ba mai wannan lacca rabin sa'a.

Duk wanda ke zaune a wannan zaure ya san an yanko Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, ya san ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar, ya kuma san yadda Dutse ta tashi daga hedikwatar ƙaramar hukuma ta zama babban birni. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne yadda kowane gari a kan hanya ya ɗauki wannan sabon matsayi ya kai shi bakin kwalta. Matafiyin da ya taso daga Kano ta Wudil da Gaya ya sauka Shuwarin, ko ya biyo ta Kwanar Huguma, ko ya miƙa Kiyawa ya karya zuwa Jahun, zai yi ta cin karo da alluna da ginshiƙai da ƙofofin siminti masu zanko da dagi, kowanne yana yi masa barka da zuwa. Wasu ƙaramar hukuma ce ta gina, wasu ƙungiyar matasa ce ta yi karo-karo, wasu kuwa ɗan takara ne ya kafa ana saura wata uku zaɓe. Niyya mai kyau ce. Amma idan aka tambayi wanda ya gina wa ya ba shi izini, kuma wa ya auna masa wurin, amsar da aka fi ji ita ce, "Ai garinmu ne."

Gari nasu ne, hanya kuwa ba tasu ba ce, kuma nan ne rigimar take. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ta sa hanya irin ta Kano zuwa Maiduguri a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma filin da ke ƙarƙashin ikon hanyar ya kai mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare, wato ƙafa 150 a tsohon awo. A haɗa dama da hagu, an sami sama da mita 91, kusan tsawon filin ƙwallo. A ɗaya gefen kuma, jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon raɗa wa tituna suna da kula da allunan talla na waje. Hanyoyin jiha suna hannun Ma'aikatar Ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi ta JIRMA, cikin babban birni kuma ga hukumar raya Dutse ta DCDA. Hannu ya yi yawa a akushi. Shugaban ƙaramar hukuma yana ganin allo nasa ne tunda allo ne, injiniya yana ganin nasa ne tunda a kafaɗar titi yake, sai a bar wa mai fenti da mai walda su yanke hukunci.

Wasu abokan aiki sun daɗe suna cewa wannan batu na ado ne, a bar shi ga masu ƙawata birni. Mai wannan lacca ya daɗe yana musu da su, kuma hujjarsa ba ta wuce lissafin da ɗan firamare zai iya yi ba.

Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Mai gudun 80 tana cin mita 22. Waɗannan su ne iyakokin gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta yanka wa ƙananan motoci a hanya mai tagwaye da kuma babbar hanya ta gama-gari, kuma kowa a nan ya san direban Sharon ɗin da ya ɗauko lodi daga Azare ba ya tsayawa a nan. To, littafin alamun hanya na Amurka ya ƙiyasta cewa kowane inci ɗaya na tsayin harafi ana iya karanta shi daga nisan ƙafa 30. Harafi mai tsayin santimita 15, wanda a shagon mai fenti zai yi kama da ƙato, ba ya karantuwa sai an matso kusan mita 55. A raba 55 da 28. Sakan biyu ke nan, ba su ma cika ba. Cikin sakan biyun nan ake so direba ya karanta barka da zuwa da Turanci, ya karanta sunan gari, da kirarinsa, da sunan shugaban ƙaramar hukuma tare da duk sarautunsa, da sunan ƙungiyar da ta ɗauki nauyi, da shekarar da aka kafa ta. Ko dai bai karanta komai ba, kuɗin ya tafi a banza, ko kuma ya karanta, idonsa ya bar titi a daidai mashigar gari, inda akuya da ɗan acaɓa da yarinya mai tallan gyaɗa suke tsallakawa.

Lissafin bai ƙare ba. Injiniyoyin hanya suna ba direba sakan biyu da rabi tsakanin ganin haɗari da taka birki. A gudun 100, wannan kaɗai kusan mita 70 ne, mota ba ta ma fara rage gudu ba. Kafin ta tsaya cak ana buƙatar fili buɗaɗɗe na kimanin mita 185 a gaban direba, a gudun 80 kuma mita 130. Yanzu a ɗauki ginshiƙin bulo mai kaurin mita ɗaya a dasa shi a bakin kwana ko a mahaɗar da hanyar ƙauye ke fitowa kwalta. An ɓoye wa mai fitowa abin da ke tafe, an ɓoye wa mai tafe abin da ke fitowa. Da rana ke nan. A ƙara masa hazon hunturu, ko dare da fitilar tirela a ido.

Sannan ga abin da ke faruwa idan taya ta fashe. Tun wajen shekarun 1960 injiniyoyin Amurka suka gano cewa yawancin motocin da suka kauce daga titi suna iya dawowa ko su tsaya lafiya idan aka bar musu kusan mita 9 na fili marar cikas a gefe. Daga nan aka fara yin ƙafafun allo masu karyewa da zarar mota ta buge su, don allo ya faɗi, mutum ya tsira. Ƙofar siminti mai rodi a ciki ba ta karyewa. Motar ce ke naɗewa.

Za a ce ƙofa al'ada ce, kuma gaskiya ne. Tarihin masarautar Dutse ya nuna ganuwar Garu tana da ƙofofi goma sha biyu, kuma a zamanin da, ko'ina a ƙasar Hausa ƙofa tana da sarkinta, ana rufe ta da dare, ana karɓar kuɗi a hannun fatake. Sai dai waccan ƙofa an yi ta ne don ta tsayar da mutum, kuma mafi saurin abin da ke shigarta doki ne. Hanyar kwalta an yi ta don kada a tsaya. Kano ta riga ta biya kuɗin wannan darasi: a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. A Yunin 2023 kuma sabuwar gwamnati ta rushe ginin shataletalen gidan gwamnati, wanda aka yi don cikar jihar shekara 50 a 2017, kuma cikin dalilan da aka bayar har da cewa tsayinsa yana tare gani. A ajiye siyasar da ke ciki, wadda kowa ya sani. Gini mai tsada ya tsaya shekara shida kacal, kuma da akwai rubutacciyar ƙa'idar tsayi da nisa da kowa ya yarda da ita, da mai ginawa da mai rushewa duk sun sami abin da za su nuna.

Masu cewa doka za ta kashe wa al'umma gwiwa ba su da hujja mai nauyi. Legas ta kafa hukumar kula da alluna tun 2006, ba a daina kafa allo a Legas ba. Ko shahararren allon maraba na birnin Las Vegas, wanda aka kafa a 1959 a tsakiyar titi, sai da hukuma ta yi masa wurin ajiye motoci a 2008, saboda masu ɗaukar hoto suna ta ratsa titi a guje.

Abin da mai wannan lacca yake nema daga Majalisar Dokokin Jiha ba sabon abu ba ne, ya sha faɗa. Takarda ɗaya, ofis ɗaya. Duk mai son kafa allo ko ƙofa ko wani gini na tunawa a bakin hanyar jiha ya kai zane Ma'aikatar Ayyuka, injiniya ya je ya auna, a hanyar tarayya kuma a haɗa da kwanturolan ayyuka na tarayya da ke Dutse. Kowane gari allo ɗaya a kowace mashiga. Gini mai nauyi ya koma bayan filin hanya, ko ya shiga cikin gari inda gudu bai wuce 50 ba, kuma kada a yi baka a kan titin da tirela mai lodin buhuna ke bi sai an tabbatar da tsayinta. Wanda ya nemi izini shi zai sa hannu cewa fenti da shara da gyara suna wuyansa, in ya bari ya lalace a cire a caje shi.

Hoton mutum kuwa, ko na wa ne, a hana. Shugaban ƙaramar hukuma yana zuwa ya tafi, magajinsa ya zo ya shafe fuskar da fenti ya ɗora tasa, gari ya biya sau biyu. Daga 1999 zuwa yau Jigawa ta yi gwamnoni huɗu, Saminu Turaki da Sule Lamido da Badaru Abubakar da Umar Namadi, shugabannin ƙananan hukumomi kuwa ba a ƙirga su. Kiyawa tana nan Kiyawa.

Akwai kuma ƙaramin abu da ke ci wa mai magana tuwo a ƙwarya. Jihar da ake yi wa kirari da Tarin Allah, wadda yawancin masu bin hanyoyinta Hausa suke ji, me ya sa allonta zai fara da Turanci? Kuma idan za a rubuta Hausar, a rubuta ta daidai. Ɓaɓura da Haɗeja da Ɗanmasara suna da lanƙwasa a haruffansu, kuma kwamfutar da ake buga allon tana da su. Sunan gari da manyan baƙaƙen boko, ƙarƙashinsa da ajami don dattijon da a allo ya yi karatunsa, ya isa sakan biyun da aka lissafa ɗazu.

Kuɗin da aka rage daga siminti yana da wurin zuwa. A Birnin Kudu akwai zanen dutse na mutanen da, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda ke cikin kayan tarihin da ƙasa ta ayyana, suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979. A Dutse akwai tashar binciken dabino, akwai jami'ar tarayya tun 2011, akwai filin jirgin sama, akwai fadar Garu a cikin duwatsu. Baƙon da ya iso Shuwarin da dare abin da yake nema shi ne kibiya mai ƙyalli da za ta ce masa Dutse nan, kilomita kaza, asibiti ta can. Irin wannan allo farantin ƙarfe ne da ƙafa biyu, kuma kuɗin ƙofa ɗaya zai sayi da dama.

Shugaban taro yana duba agogo. Daftarin ƙa'idar da ake nema shafi biyu ne, yana hannun sakatare, kuma injiniyoyin da ke ganin mita 9 ta yi yawa a hanyar Jahun suna iya kawo nasu lissafin lokacin tambayoyi.