JAWABI: ƊA NA UKU DA KUƊIN GWAMNATI A ƘASAR INGILA

An shirya wannan jawabi domin a karanta shi cikin cibiyoyi, a yi mahawara a kansa bayan darasi.



Zancen yau na wata ƙasa ce mai nisa, Ingila, wadda ake kuma kira Birtaniya. Babban birninta Landan. Mutane da yawa sun ɗauka can babu talaka. Akwai shi. A lissafin da gwamnatin ƙasar ta fitar a shekarar 2025, yara miliyan 4 da rabi ne ke tashi cikin gidajen talakawa. Talakan can ba shi da gona, ba shi da rumbu, ba shi da akuyar da zai kai kasuwa ran da ciwo ya shigo gida. Albashi ne gonarsa. In albashin ya kasa, ko aikin ya ƙare, sai ya dubi gwamnati.

Kuɗinsu sunansa fam. Fam 1 ya kai wajen dala 150, yana ɗan hawa yana ɗan sauka. A riƙe wannan, za a bukace shi nan gaba.

A shekarar 2003, lokacin da Gordon Brown ke ministan kuɗi, aka kafa wani taimako iri biyu da suka kira rangwamen haraji. Ɗaya na masu yara ne, ɗaya na ma'aikata masu ƙaramin albashi. Sunan yana ruɗarwa. Wanda ya ji rangwame zai ce lanho ne aka rage wa mutum. A'a. Kuɗi ne ake ba shi a hannu. Biron da ke karɓar lanho shi ne ke biya, har ga mutumin da samunsa bai kai a karɓi lanho gare shi ba. Waɗanda suka ga yadda aka fara ba matan gidaje marasa ƙarfi jika 10 kowane wata a wasu ƙauyukan Nijar, daga shekarar 2011, sun san kamannin abin. Bambancin shi ne a Ingila ba wani shiri ne na shekara biyu ba. Doka ce, kuma duk wanda ya cika sharaɗi yana da hakki.

Ban da wannan akwai kuɗin haya, da kuɗin mai neman aiki, da kuɗin marar lafiya, da na wanda ba shi da wani samu. Kowane da takardunsa, wasu ma da biro dabam. Sai wata gwamnati ta zo ta ce abin ya yi rassa da yawa. A 2012 majalisa ta yi doka, a 2013 aka fara haɗa taimako iri 6 cikin ƙwarya guda. Sunansa a bakinsu Universal Credit, wato taimako dunƙule. Ana biya sau ɗaya a wata. In mutum ya samu aiki ba a yanke masa gaba ɗaya. A kowane fam 100 da ya ƙaru cikin albashinsa, ana zare fam 55 daga taimakon. Wannan dabara ce mai kyau, don mutum ba ya tsoron karɓar aiki. Amma akwai ƙaya. Wanda ya shiga sabon tsari sai ya jira wajen sati 5 kafin kuɗin farko su zo. Ana iya ba shi wani abu kafin lokacin, amma bashi ne, za a riƙa zarewa. Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da bazara ya biya da kaka ya san yadda shekararsa take ƙarewa.

An ɗauki shekara 12 ana kwashe mutane daga tsohon tsari zuwa sabo. Ana aiko wa mai gida takarda, a ba shi wata 3 ya sake rubuta kansa. In wa'adin ya wuce bai motsa ba, kuɗin sun tsaya. Masu binciken kuɗin gwamnati sun duba a 2024, suka tarar wajen gida 1 cikin 5 na waɗanda aka aika wa takardar ba su sake rubuta kansu ba, aka rufe musu. Ranar 5 ga watan Afrilu na 2025 rangwamen haraji ya ƙare kwata-kwata.

To, yanzu ga inda maganar take da nauyi.

A watan Yuli na 2015, ministan kuɗi na lokacin, George Osborne, ya kawo wata doka da ake kira dokar ƴaƴa biyu. Ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2017. Abin da ta ce shi ne: gwamnati tana ba da rabon ɗa na fari da na biyu. Ɗa na uku, da na huɗu, da duk wanda ya biyo baya, in an haife shi daga wannan rana, ba shi da rabo cikin wannan taimako.

A ɗauki misalin mata biyu maƙwabta. Kowace tana da yara biyu, kowace tana ɗauke da cikin na uku, mazansu aiki guda suke yi da albashi guda. Ta farko ta haihu ranar 5 ga wata. Ta biyu ta haihu washegari, ranar 6. Yaron ta farko an rubuta shi, ana biyan rabonsa. Na ta biyu babu. Yaran sun tashi tare, sun shiga lakkol tare, takalmi guda suke kashewa, tuwo guda cikinsu ke ɗauka. A shekarar 2025 rabon yaro guda ya kai wajen fam 3.500 a shekara, wato kusan jika 220 kowane wata. Cikin shekara 9, abin da ya wuce gidan mace ta biyu ya haura fam 25.000.

Wani zai ce: jika 220 a wata don yaro guda, ai wannan dukiya ce! A nan dukiya ce. A can, hayar gida kaɗai takan wuce fam 1.000 a wata. Ga sanyi mai tsanani, dole a sayi wuta a ɗumama ɗaki watanni da yawa. Ba a zuwa daji a yo itace, ba a tsinko rama bayan gida. Komai saye ne. Shi ya sa gidaje da yawa suka koma bin layi a wuraren da ƙungiyoyin agaji ke raba abinci kyauta.

Dokar ta bar ƴan ƙofofi. In haihuwa ta uku ta zo da tagwaye, ana biyan rabon ɗaya daga cikinsu. Wanda ya ɗauki riƙon ɗan ɗan'uwansa ba a hana shi. Akwai kuma wata ƙofa mai ɗaci: matar da aka yi wa fyaɗe ta samu ciki, ana biyan rabon yaron, amma sai ta cika takarda, ta faɗa wa likita ko wani ma'aikaci abin da ya same ta, ya sa hannu. Wannan ya tada hankalin mutane ƙwarai. Akwai dai wani ƙaramin kuɗin yara dabam da dokar ba ta taɓa ba: a 2025, wajen fam 26 a sati ga ɗan fari, wajen fam 17 ga kowane na bayansa.

Waɗanda suka yi dokar suna da hujjarsu, ya kamata a ji ta. Suka ce ma'aikaci ba a ƙara masa albashi don matarsa ta haihu. Yakan duba aljihunsa kafin ya ƙara iyali. To don me wanda ke karɓar taimako ba zai yi wannan lissafi ba, alhali kuɗin daga lanhon wancan ma'aikaci suke fitowa? Suka ce kuma baitulmali yana ɗauke da bashi, dole a rage kashewa.

Masu ƙin dokar suka amsa da abu uku. Na farko, fiye da rabin gidajen da dokar ta taɓa, akwai mai aiki a cikinsu. Albashin ne bai isa ba. Na biyu, mutum yakan haifi yaransa yana da ƙarfi, daga baya aiki ya ƙare, ko miji ya rasu, ko aure ya mutu. Wane lissafi ne zai hango wannan? Na uku, malaman jami'o'in ƙasar sun bi diddigin haihuwa bayan dokar, suka ga ba ta ragu ba sai ɗan kaɗan. Ashe yaran ana haihuwarsu, abincinsu ne kawai ya ragu. Wannan amsa ta uku tana da wuyar kaucewa. In an so a ja kunnen iyaye, kunnen da aka kama na jariri ne, shi kuwa ba shi ya zaɓi ranar haihuwarsa ba. Zuwa 2025, yaran da ke cikin gidajen da dokar ta taɓa sun haura miliyan 1 da rabi, wato wajen yaro 1 cikin 9 na ƙasar duka.

A watan Yuli na 2024 jam'iyyar Leba ta ci zaɓe, Keir Starmer ya zama firaminista. Mutane suka zaci dokar ta faɗi ke nan. Amma sabuwar gwamnati ta ce babu kuɗi tukuna. Cikin wannan wata, ƴan majalisa 7 na jam'iyyar suka jefa ƙuri'a a soke dokar, aka dakatar da su daga jam'iyya saboda sun saɓa umurni. Aka yi ta ja fiye da shekara. Sai ranar 26 ga Nuwamba 2025 ministar kuɗi, Rachel Reeves, ta tsaya gaban majalisa ta ce an soke dokar ƴaƴa biyu daga watan Afrilu na 2026. Daga wannan wata, ɗa na uku da na huɗu kowa da rabonsa. Gwamnati ta yi lissafin yara 450.000 za su fita daga talauci, kuma abin zai ci wajen fam biliyan 3 a shekara. Abin da ya wuce a shekarun baya kuwa ya wuce, ba a mayar wa kowa.

Amma kada a ɗauka kowane gida mai yara da yawa ya tsira. Tun 2013 akwai wata doka dabam da ta sa rufi a kan jimillar abin da gida guda zai karɓa, in ba mai aikin da ya kai wani ƙima a gidan, ba kuma naƙasasshe. Rufin da aka sa a 2023 fam 22.020 ne a shekara ga mai iyali, a Landan fam 25.323. Wannan doka ba a soke ta ba. Matar da ke riƙe da yara huɗu ita kaɗai, ga haya mai tsada, ga jinjiri a baya da ya hana ta fita aiki, tana iya ganin an rubuta mata rabon yaranta a takarda, rufin kuma ya danne shi kafin ya iso hannunta.

Akwai kuma marasa lafiya. A 2025 majalisa ta yi wata doka kan ƙarin da ake ba wanda ciwo ya hana shi aiki. Ƙarin wajen fam 97 ne a sati. Dokar ta ce wanda ya shigo layi daga Afrilu 2026, fam 50 zai samu. Waɗanda ke ciki tun da ba a rage musu ba, haka masu ciwon da ba ya warkewa mai tsanani, da waɗanda likita ya ce ajalinsu ya kusa. Ga shi an sake sa wata rana a tsakiya, mutum biyu masu ciwo guda, rabo biyu. A ɗaya gefen, dokar ta ce tushen taimakon da kowa ke karɓa zai riƙa hawa fiye da tsadar kaya kowace shekara har 2029. Gwamnati ta so ta taɓa kuɗin naƙasassu ma, amma ƴan majalisarta fiye da 100 suka yi tsaye, ta janye wannan sashe, ta ce a sake bincike tukuna.

Maganar ɗa na uku ma ba a rufe ta ba. Jam'iyyar ƴan mazan jiya, wadda ta kawo dokar tun farko, ba ta yarda da sokewar ba. A 2025 shugabarta, Kemi Badenoch, ta ce in sun koma kan mulki za su mayar da ita. Babban zaɓen ƙasar kuwa ba zai wuce shekarar 2029 ba. Yaron da aka haifa ranar 6 ga Afrilu 2017, a lokacin yana da shekara 12.