Alli, Allo da Wayar Hannu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Malamai da Iyayen Yara

  

Yawancinku kun san mu a ofishin kariya, mu ne masu tafinta idan mutum ya kawo kuka. Mu ba malamai ba ne. Aro mu aka yi muka zauna a horon da ake ba malamai kan koyarwa da waya da kwamfutar hannu, domin masu horon da Turanci da Faransanci suke magana, tambayoyin da suka fi muhimmanci kuwa da Hausa suke fitowa. Mai tafinta kowace magana sau biyu take bi ta kansa, ya ji ta da kunne, ya maimaita ta da baki. Shi ya sa malaman suka ce mu tsaya mu faɗa wa iyaye abin da suka koya da abin da yake damunsu. Akwai kuma abin da ofishinmu yake so a ji, za mu zo kansa.

Wasu iyaye sun tambaye mu, yaron da ba shi da isasshen littafin rubutu, me ya haɗa shi da kwamfuta? Tambayar tana kan hanya. Amma ku tuna watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu a duk faɗin Kamaru saboda korona. Gidan CRTV ya riƙa watsa darussa, yaran birni suna kallo a talabijin. A nan Minawao gida nawa ne ke da talabijin? 'Yan ajin jarrabawa sun koma a watan Yuni, sauran yara sai da aka shiga sabuwar shekarar karatu. Na biyu, duk yaron da ya koma gida yana neman jami'a a Najeriya, jarrabawar JAMB a kan kwamfuta zai yi ta, haka ake yi tun 2015. Yaro zai iya sanin amsa sarai, ya ƙare lokacinsa yana neman inda zai danna. An buɗe wannan sansani a 2013. Jariran da aka haifa a shekarar yanzu sun kai shiga sakandare, saboda haka maganar ba ta da nisa kamar yadda ake gani.

Abu na farko da malaman suka yi fama da shi kunya ce. Malamin da ya shekara ashirin da alli a hannu, tun yana koyarwa a Gwoza ko Bama, a miƙa masa gilashi a ce ya shafa, ga ɗalibinsa ɗan shekara goma sha biyu ya riga shi sanin inda ake shafawa. Wasu dattawan a kwanakin farko baya suke zama, su harɗe hannu. Wani yakan danna da ƙarfi kamar mai dangwala yatsa a takarda, abin ya ƙi, ya ce na'urar ce ba ta son sa. Abin da ya kwance wannan ƙulli shi ne da malaman suka gane cewa yaro maɓalli ya sani, darasin kuwa yana wurin malami. Yaro zai buɗe bidiyon lissafi cikin ƙiftawar ido, amma bai san ko na ajinsa ne ba, bai kuma san a wane wuri ya kamata a tsayar a yi tambaya ba. Daga nan sai muka ga malamai suna naɗa yara biyu ko uku su zama masu kunnawa da kashewa, kamar yadda ake naɗa mai share allo.

Mu ma mun sha gardama a kan kalmomi. Lambar da ake kulle waya da ita mun daidaita a kan kalmar sirri. Ɗauko abu daga intanet a ajiye a waya, muka ce saukewa. Wurin da ake tara fayil-fayil ne ya ba mu wahala, wasu suka ce jaka, wasu suka ce folda kawai tunda kowa haka yake faɗa, har wata malama ta ce ai adaka ce, a buɗe babba a tarar da ƙarama a ciki. Tun ranar ba wanda ya sake ɓacewa a ciki.

Sai maganar lokaci. Darasi gajere ne, malaman da suka fara gwadawa kuma sun ce rabinsa a rabon na'ura da tsawatarwa yake tafiya. Wannan ta mutu, waccan wani ya shiga wasa, can baya ana kokawa a kan wa zai riƙe. Ko a sansanonin da suka daɗe da wannan aiki haka lissafin yake. Shirin da gidauniyar Vodafone take yi da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira, wanda aka fara a Dadaab ta ƙasar Kenya, akwatinsa kwamfutar hannu 25 yake ɗauka, da kwamfutar malami da majigi da lasifika. Ku kwatanta 25 da ajin da yara suka haura ɗari, irin wanda malamanmu suka sani. Dabarar da suka fitar ita ce a rubuta lamba a bayan kowace na'ura, a raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya san lambarsa, malami kuma ya buɗe darasin tun kafin a shiga aji. Mafi yawansu sun ce minti goma na kallo ya isa, sauran lokacin a koma allo.

Da yawa sun zo da tunanin cewa in babu data babu aiki. Ba haka ba ne. An nuna musu wata manhaja mai suna Kolibri, ta wata ƙungiya da ke Amurka, Learning Equality, wadda aka yi ta musamman don wuraren da ba intanet. Ana loda darussa sau ɗaya a kwamfuta guda, ita ce rumbu, sauran na'urorin da ke kusa su riƙa ɗiba daga gare ta ba tare da an sayi ko sefa ɗaya na data ba. Abin da ya fi burge malaman lissafi shi ne tana nuna wa malami tambayar da yara suka fi faɗuwa a kanta. A babban aji malami yakan yi mako bai gano hakan ba, sai ya gama duba littattafai. Akwai kuma African Storybook, tarin gajerun labarai masu hoto na yara, kyauta, har da na Hausa. Wanda ba shi da komai sai wayarsa, mutum ɗaya ya sauke abu idan ya samu sabis mai kyau, ko idan ya shiga Mokolo, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth ko katin memori.

Amma ba duk abin da aka sauke ne ya dace da ajinmu ba, kuma a nan ne gwanintar malami take fitowa. Yawancin bidiyoyin da Turancin Amurka ake yin su, da sauri, ta hanci. Yaron da a gida Kanuri yake ji, ko Glavda, ko Mafa, Hausa a wajen wasa, Turanci sai a aji, idan aka sakar masa wannan hoto kawai yake kallo. Malamin da ya iya yakan rage muryar, ya yi bayanin da bakinsa, ya tsayar, ya tambaya. Sannan akwai manhajar karatu. Yaranmu jarrabawar Kamaru suke zana, FSLC a ƙarshen aji shida, GCE a sakandare, wadda hukumarta take Buea. Bidiyon da aka yi wa ɗan Kano zai yi lissafi da naira, ya lissafa jihohi 36. Mai jarrabawa a nan yankuna goma na Kamaru zai tambaya. Ba laifi yaro ya san duka biyun, tunda wasunmu sun koma Banki da Bama tun 2021, wasu kuma suna jira. Sai dai malami ya san wanne yake koyarwa yau.

Inda na'urar ta fi alli, ta fi shi nesa ba kusa ba. Yadda jini yake zagaya jiki, yadda wata yake shiga tsakanin rana da ƙasa a yi husufi, teku ga yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na mayo ba, lafazin Faransanci ga malamin da shi kansa a nan ya fara jin sa. Inda ba ta da amfani kuma a bayyane yake. Ba ta koya wa yaro riƙe biro, jarrabawar nan kuma da biro ake rubuta ta. A ra'ayinmu ƙananan azuzuwa su fi ba rubutun hannu ƙarfi.

Zafi da ƙura su ne manyan abokan gaba. Batir ba ya son zafi, wanda aka bari a rana ko a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yakan kumbura, kumburarren batir kuma yana iya kama wuta, kada a sake cajinsa. Farantin sola idan ƙurar hunturu ta rufe shi wutarsa raguwa take yi, a riƙa goge shi da safe.

Yanzu ga abin da ya shafi ofishinmu, muna roƙon a saurara da kyau. Malami yana jin daɗi yaransa sun yi ƙoƙari, ya ɗauke su hoto ya sa a Facebook ko a sitatus na WhatsApp, da kyakkyawar niyya. To, hoto idan ya fita ba ya dawowa. Kowa a nan ya san abin da ya raba shi da garinsu, waɗanda muka gudo dominsu kuma su ma suna da waya. Akwai yaran da ake neman iyayensu. Akwai matan da suka tsere daga hannun waɗanda suka riƙe su, 'ya'yansu suna cikin waɗannan azuzuwa, malami bai sani ba, bai kuma kamata ya sani ba. Fuskar yaro da sunan makaranta a jikin bango sun isa a gane inda yake kwana. Don haka ba a ɗaukar fuskar yaro sai da yardar iyayensa, ko sun yarda kuma ba a haɗa hoto da cikakken suna da lambar bulok. Idan aikin yaro ake so a nuna, a ɗauki littafin.

Haka rajistar aji. Sunaye, shekaru, lambar katin iyali, idan suna cikin wayar malami, wayar ta zama tana da kalmar sirri, kada kuma a tura su zauren WhatsApp. Waya tana ɓata, ana kai ta wajen mai caji ta wuni a can. Masu amfani da ChatGPT da ire-irensa wajen shirya darasi, kada ku rubuta sunan yaro ko labarinsa a ciki. Ku kuma duba amsar da littafi, domin yana faɗin kuskure da irin muryar da yake faɗin gaskiya.

Akwai maganar da ba a son faɗa a taro, amma za mu faɗa. Waya ta buɗe wata ƙofa tsakanin malami da ɗaliba wadda da babu ita. Saƙon aikin gida ya tafi zaure da kowa yake gani, ko wayar uwa ko ta uba. Malami ba ya tura wa yarinya ko yaro saƙo shi kaɗai, balle da dare. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce kuma ga malamin kirki daga zargi. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu kafin ya bar yaro ya taɓa na'ura, ko kafin ya ƙara masa maki, ya karya dokar aikin da ya sa wa hannu. Ku zo ofishin kariya, ko ku jefa takarda a akwatin ƙorafi. Idan mace take so ta yi mata tafinta, ta faɗa. Abin da ya shiga kunnen mai tafinta a ɗakin nan ba ya fita da shi, wannan sharaɗin aikinmu ne.

Malamai, tunda yanzu ku ake kawo wa waya a ce ku karanta, ku ne za ku fara ganin saƙonnin damfara: a cike fom a tura kuɗi za a kai mutum Kanada ko Amurka, ko an buɗe tallafin karatu a biya kuɗin rajista. Duk aikin Hukumar kyauta ne. Ba a sayen tafiya ƙasa ta uku, ba a sayen tallafin DAFI na shiga jami'a. Wanda ya nemi hoton katinku ko lambar da aka turo muku ta saƙo, kada ku ba shi. Da lambar nan ake ƙwace wa mutum WhatsApp, a riƙa roƙon kuɗi da sunansa.

Iyayenmu mata, saura naku. Malamai sun lura cewa idan aka ajiye na'ura ɗaya a tsakiyar rukuni, hannun namiji ne yake fara kai mata, yarinya ta koma leƙe ta bayan kafaɗa. A gida ma wayar tana hannun uba ko yaya, ita tana layin famfo. Wasu malaman sun fara ware rukunin mata zalla, wasu suna juya riƙon bi da bi suna kiran suna. Abin da suke roƙo a wurinku shi ne ranar da aka ce za a tsaya bayan tashi don koyon kwamfuta, a ɗaga wa yarinya ɗiban ruwan ranar, ta dawo gida tare da ƙawayenta kafin magariba.

Malaman sun kuma ce a isar wa masu shirya horon cewa kwana biyu ko uku ba sa isa, suna so a riƙa zama ko sau ɗaya a wata, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba, a kuma bayyana tun yanzu wa zai ɗauki nauyin gyara idan gilashi ya fashe a hannun yaro, don tsoron biya yana sa wasu kulle na'urorin a kabad. Mun rubuta, za mu miƙa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Wanda ya fi sakewa da Kanuri ko Glavda ko Fulatanci ya yi da harshensa, akwai mai juyawa a cikinmu.